Rabuwar fallaye a farantin zaren kabon: wace lambar juriyar tsagewa za a dogara da ita?

Tambaya: Mun haɗa faranti na zaren kabon da rezin ifoksi, falle 24 masu kusurwa 0, 45 da 90, kaurinsa milimita 3. A gwajin ja ya ba da ƙarfin da muke tsammani. Da muka saki ɗan ƙarfe a kansa, alamar da ta fito a fuska da ƙyar ake ganinta, amma a gwajin matsi sai ya karye a kusan rabin ƙarfinsa. Mun kuma yi gwajin DCB, wanda ake buɗe tsaga ta hanyar jan hannayen samfur biyu, a kan samfur mai zare a jere guda, lambar juriyar tsagewa ta fara daga jul 240 a murabba'in mita tana hawa har kusan 400 yayin da tsagar ke ƙara tsawo. Me ke faruwa, wace lamba za mu ɗauka, kuma yaya ake rage matsalar?

Amsa: Injiniya, abubuwan nan biyu da kuka gani tushensu ɗaya ne. A faranti irin naku zare yana kwance ne a cikin kowane falle, babu ko sili ɗaya da ya ratsa daga wannan falle zuwa wancan. Abin da ke riƙe falle da ɗan'uwansa siririn rezin ne, kaurinsa bai fi na silin zaren da yawa ba, shi kuwa silin kabon maikiromita 5 zuwa 7 ne. Shi ya sa falle kan ɗauki megafaskal 2,000 ko fiye in an ja shi ta tsawon zare, alhali 50 zuwa 80 sun isa su raba faranti in an ja shi ta kauri. Gwajin ja da kuka yi zaren ya gwada. Bugu da matsi kuwa rezin ɗin tsakani suka taɓa.

Idan abu ya faɗo a kan faranti siriri, farantin yakan lanƙwashe na ƙiftawar ido. Fallen da ke can ƙasa, bayan inda aka buga, shi ya fi miƙewa, sai rezinsa ya tsage a tsakanin sili da sili. Tsagar tana hawa ta cikin fallen har ta iso iyakarsa. In zaren falle na gaba yana fuskantar wata kusurwa, ya gitta mata ke nan, ba ta da hanyar wucewa, sai ta juya ta bi mahaɗar fallayen biyu. Daga nan rabuwa ke farawa. Duba farantinku da na'urar altirasonik, mai leƙa cikin kaya da sauti, za ka tarar rabuwar tana zaune a mahaɗun da kusurwa ta canza, da wuya ka same ta tsakanin fallaye biyu masu fuska ɗaya. A kowace mahaɗa siffarta mai kai biyu ce da siririn ƙugu, tana miƙe ta inda zaren fallen ƙasa ya nufa, kuma a faranti siriri tana ƙara faɗi yayin da ake kusantar baya. Fuskar da aka buga ita ce ta fi kowane wuri ɓoye ɓarnar.

Dalilin faɗuwar ƙarfin matsi lissafi ne mai sauƙi. Ƙin lanƙwasar faranti yana tafiya da kaurinsa a ninke sau uku, wato h³. Raba faranti gida biyu daidai, kowane rabi yana da kashi ɗaya cikin takwas na ƙin lanƙwasar asali, su biyun tare kashi ɗaya cikin huɗu. Raba shi gida huɗu, abin da ya rage kashi ɗaya cikin sha shida ne. A ƙarƙashin ja wannan bai cika damun kowa ba, domin zaren bai yanke ba, yana nan yana ɗaukar kayansa. A ƙarƙashin matsi kuwa fallayen da suka rabu sukan gantsare waje, gantsarewar ta buɗe bakin tsagar, tsagar ta bazu ta gefe, sai farantin ya ruguje gaba ɗaya. Asarar rabin ƙarfi a ifoksin da ba a ƙara masa juriya ba abu ne da aka saba gani. Saboda ita ne masu ƙera jirgin sama ke tsayar da miƙewar da suke yarda da ita a wajen kashi 0.4 cikin 100, alhali zaren kansa sai ya kai kimanin kashi 1.5 ko fiye kafin ya tsinke. In kuna son lambar da za a iya kwatantawa da ta wasu, ku bi ƙa'idojin gwaji na ASTM, D7136 wajen bugu da D7137 wajen matsi: samfur milimita 100 a 150, kan mabugi mai rabin ƙwallo faɗinsa milimita 16, makamashin bugu jul 6.7 ga kowane milimita na kauri. Ƙa'idar ta fi son kauri 4 zuwa 6. Mai milimita 3 yana iya gantsarewa dukkansa a cikin maƙalar gwaji kafin inda aka buga ya gaza, sai ku auna wani abin dabam ba ku sani ba.

Sai batun lambar. Ba a auna haɗarin tsaga da yawan nauyin da ke kan kowane murabba'in milimita, domin a daidai bakin tsaga lissafi yana nuna wannan adadi ba shi da iyaka. Wanda ya taɓa gwadawa a kwamfuta ya sani: duk lokacin da ka ƙara ƙanƙanta ragar lissafin, adadin sai ya ƙara hawa. Griffith ya kauce wa wannan a aikinsa kan gilashi da aka buga a 1921, Irwin ya faɗaɗa shi a shekarun 1950. Tambayar ta koma ta makamashi. Farantin da ke ɗauke da kaya yana da makamashi a ajiye a jikinsa. In tsaga ta ƙara faɗi kaɗan, wani kaso na makamashin zai saku, shi ake kira G, ana auna shi da jul a murabba'in mita. Kayan kuma yana da farashin da yake nema kafin ya bar tsaga ta ci gaba, shi ne Gc, juriyar tsagewa. Muddin G bai kai Gc ba tsagar tana nan a tsaye.

Sai dai Gc ba lamba ɗaya ba ce. Akwai salo na ɗaya, inda fuskokin tsaga ke buɗewa suna nisantar juna. Akwai na biyu, inda suke zamewa a kan juna ta inda tsagar ta nufa. Na uku zamewa ce ta gefe, kamar yage takarda, ba a cika auna shi ba. DCB salo na ɗaya kaɗai yake aunawa, kuma shi ne mafi arha a wajen tsaga.

Gwajin, bisa ASTM D5528 ko ISO 15024, yana da sauƙin gani amma ƙananan abubuwa ne ke lalata shi. Samfur faɗinsa milimita 20 zuwa 25, tsawonsa aƙalla 125, kaurinsa 3 zuwa 5, fallaye duka a kusurwar 0 kuma adadinsu mai rabuwa biyu daidai. Tun wajen jera fallaye ake saka fim ɗin da rezin ba ya kamawa a tsakiyar kauri, shi ne tsagar farko, tsawonta kimanin milimita 50 daga layin da ake ja. Kaurin fim ɗin kada ya wuce maikiromita 13. Wannan sharaɗin ne aka fi karyawa. Fim mai kauri yakan bar tarin rezin a bakinsa, tsagar sai ta fara ratsa wannan tarin kafin ta shiga mahaɗar gaskiya, lambar farko ta fito sama da yadda take. Ana amfani da fim ɗin PTFE, wato Teflon, in zafin gashi bai wuce digiri 177 ba, in ya wuce sai fim ɗin foliyimaid da aka shafa wa maganin hana kamu. In fim ɗin ya tattare, ko ya sauka falle ɗaya sama ko ƙasa da tsakiya, hannayen samfurin ba za su yi kauri ɗaya ba, salo na biyu ya shigo ciki ke nan. Wajen manna ƙarfen ja a ƙarshen hannayen, a kula gam kada ya malala cikin tsagar. A shafa farin fenti mai ruwa, siriri, a gefen samfurin, a ja layi kowane milimita 1 a milimita biyar na farko, sannan kowane 5. Injin ya ja a hankali, milimita 1 zuwa 5 a minti, ana bin bakin tsagar da madubin ƙara girma. Ka riƙa duba gefe biyu. In tsawon tsagar a hagu da dama ya bambanta da fiye da kimanin milimita 2, an manna ƙarfen a karkace ko zaren bai miƙe ba, wannan samfurin a ajiye shi gefe. Samfur biyar shi ne mafi ƙaranci.

Lissafin da aka fi bi shi ne G = 3Pδ ÷ [2b(a + Δ)], inda P nauyin ja ne, δ buɗewar bakin samfur, b faɗi, harafin a kuma tsawon tsaga. Δ gyara ne, domin hannayen ba a kafe suke ƙam a bakin tsaga ba, suna ɗan juyawa, sai samfurin ya nuna halin mai tsagar da ta fi ta ido tsawo. Ana samun sa ta raba δ da P a kowane tsawon tsaga, a ɗauki tushe na uku na sakamakon, a zana shi a kan tsawon tsagar, a miƙa layin baya har ya yanki ginshiƙin kwance. Misali: P niwton 45, δ milimita 4.8, b 25, a 50, Δ 4. Sama 648, ƙasa 2,700, G ya zama 0.24 niwton a milimita, wato jul 240 a murabba'in mita. Da an bar Δ, da an samu 259, ƙari na kusan kashi 8 cikin 100, kuma ƙari ne ta ɓangaren da ke cutarwa. In δ ya haura kashi 40 cikin 100 na a, akwai wani gyaran na babbar lanƙwasa da ƙa'idar ta tanada, wanda samfurin zaren gilashi ya fi bukata saboda laushinsa.

Hawan da kuka gani daga 240 zuwa 400 gadar zare ce ta jawo shi. Ka lura da mai faskare: in ya buga gatari itace ya tsage, akwai ɓawon zaruruwan da ke maƙale tsakanin ɓarin biyu, sai ya ƙara ƙarfi kafin ya raba su. Haka abin yake a DCB. Da yake fallaye biyun tsakiya fuska ɗaya suke kallo, wajen gashi silin wannan yakan nutse cikin na wancan, mahaɗar ba ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Tsaga ta wuce ta bar wasu silin a gicciye, ƙafa ɗaya a hannun sama ɗaya a na ƙasa, suna ja da baya. Injin yana biyan kuɗin ɓalle su da tsinka su, lissafi kuma ya ɗora wannan a kan G. Haska fitila cikin bakin samfurin yana buɗe, za ka gan su kamar gashi. Matsalar ita ce yawan wannan gada yana canzawa da kaurin samfur, kuma a farantinku na gaskiya rabuwar tana tsakanin 0 da 45 ne ko 45 da 90, inda silin ba sa nutsewa cikin juna haka. Lambar 400 halin samfurin gwaji ce. Ku ɗauki ta farko. A cikin ta farkon ma akwai ma'ana uku: inda layin nauyi da buɗewa ya fara karkacewa, inda ido ya fara ganin tsaga ta motsa a gefe, da inda sassaucin samfur, wato δ ÷ P, ya ƙaru da kashi 5 cikin 100 ko nauyi ya kai ƙololuwa. Ta wurin karkacewar layi ita ce mafi ƙanƙanta a yawancin lokuta, domin tsagar tana fara tafiya a tsakiyar faɗi kafin ta leƙo gefe, kuma ita ƙa'idar ta ba da shawara a yi ƙira da ita. Duk rahoton da ya ba ka Gc bai faɗi wacce daga cikin ukun ba ce, bai gama magana ba. Domin kwatance, tsofaffin ifoksi masu gautsi suna wajen 80 zuwa 100, haɗin zaren kabon da ifoksi mai suna IM7/8552 wajen 210, kabon da tamofilastik ɗin PEEK kuwa ya haura 1,000. Lambarku ta 240 tana inda ya kamata.

Abin da ya fi muhimmanci ga matsalarku ta bugu shi ne salo na biyu, kuma ba ku auna shi ba tukuna. Gwajinsa ENF ne, ASTM D7905: irin samfurin nan dai, a ɗora shi a kan sanduna biyu masu tazarar milimita 100, a danna tsakiya. Ana fara auna sassaucinsa da tsaga 20 da kuma 40 ta hanyar matsar da samfurin a kan sandunan, da nauyin da bai wuce kimanin rabin wanda zai tsaga shi ba, sannan a mayar da shi 30 a danna har ya tsage. A daidaita sassaucin da aka auna, C, da C = A + ma³ domin samun A da m, a fitar da G = 3mP²a² ÷ 2b. Tsagar a nan tsalle take yi lokaci guda, don haka lamba ɗaya ake samu a kowane danni. A ƙarƙashin madubi, salo na biyu ƙananan tsagogi ne da ke buɗewa a karkace da kusurwar 45 a cikin rezin, su jeru gaban babbar tsagar, sannan su haɗe. Fuskar da suka bari tana da haƙora a jere. Yawan fuskar da aka ƙirƙira ne ya sa juriyar salo na biyu ke ninka ta na ɗaya sau uku zuwa huɗu; a IM7/8552 tana wajen 770. Davies da abokan aikinsa a Landan sun nuna cewa nauyin da rabuwa ke farawa a bugu yana bin P² = 8π²Eh³G ÷ [9(1 − ν²)], inda E ƙin miƙewar farantin ne, h kauri, ν rabon tsukewarsa ta gefe in an ja shi, G ɗin kuma na salo na biyu ne. Sa E gigafaskal 60, h milimita 3, ν 0.3, G 0.77, za ka samu kimanin niwton 3,500. Ka lura da tushen murabba'in da ke ciki: sai ka ninka juriya sau huɗu kafin nauyin ya ninka sau biyu, amma ƙarin kauri yana biya da sauri.

A ainihin kaya salon biyu a gauraye suke zuwa. Na'urar MMB ta ASTM D6671, wadda Reeder da Crews suka ƙirƙira a cibiyar NASA ta Langley, tana ba da damar zaɓen yawan gaurayen. Ana haɗa sakamakon da dokar Benzeggagh da Kenane ta 1996: juriyar salo na ɗaya, a ƙara mata bambancin juriyoyin biyu sau kason salo na biyu a ɗage da η, lambar da ake samu daga gwajin kowane kaya. Ga IM7/8552 η yana wajen 2.1. A gauraye rabi da rabi, wannan ya ba da kimanin 340. Wanda ya ɗauki matsakaicin lambobin biyu kai tsaye zai rubuta 490, ya yi wa kansa alƙawarin juriyar da babu ita. In kuma za ku kai lambobin nan kwamfuta da hanyar yankin riƙo, wato ɗan wurin da ke gaban bakin tsaga inda rezin ya fara saki amma bai gama ba, ku sani tsawon yankin a kabon da ifoksi bai kai milimita 1 ba a salo na ɗaya, kuma ana bukatar aƙalla ƙwayar raga uku a cikinsa. Raga mai milimita 2 za ta ba da amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba.

Bugu ba shi kaɗai ke haifar da rabuwa ba. Gefen faranti da aka yanke yana da nasa: fallen 0 da na 90 ba sa tsukewa ta gefe daidai da juna in an ja su, a tsakiyar faranti suna tilasta wa juna, a gefe kuwa dole wannan tilas ta bi ta rezin ɗin mahaɗa. Pipes da Pagano sun lissafa wannan tun 1970, kuma tasirin yana tsayawa a cikin tazarar kimanin kaurin faranti ɗaya daga gefe. Maganinsa a jerin fallaye yake: kada a tara fiye da falle huɗu masu fuska ɗaya wuri guda, a rage tsallen kusurwa tsakanin maƙwabta zuwa 45 inda zai yiwu, jerin ya zama sama da ƙasa suna kallon juna daga tsakiya. Inda ake rage kauri, a sauke fallayen ɗaya bayan ɗaya a gangare mai kimanin 1 cikin 20 ta hanyar babban nauyi, a rufe su da falle mai ci gaba, kada a sauke na waje. Kusurwar lanƙwasa mai siffar L takan rabu in an buɗe ta, domin ja ta kauri ne kai tsaye, ƙara faɗin lanƙwasar shi ya fi ƙara fallaye amfani. Wajen huda rami, bakin dirila yakan tura fallayen ƙarshe kafin ya yanke su. A sa katako ko faranti a baya, a fara da ƙaramin rami, a sassauta turawa dab da fita, a canza baki da zarar ya dakushe, shi kuwa kabon yana cin baki da wuri.

Ni dai a ganina kafin a sayi rezin mai tsada a fara duba ɗakin aiki. Kumfar iska tana taruwa ne a mahaɗar fallaye, kuma ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne kowane kashi 1 cikin 100 na kumfa yana cin kimanin kashi 7 na ƙarfin zamewar mahaɗa, har zuwa wajen kashi 4 na kumfa. A zuƙe iska da jaka bayan kowane falle uku zuwa biyar. Zaren da aka riga aka jiƙa da rezin, wanda ake ajiyewa a digiri 18 ƙasa da sifiri, a bar shi ya huce a cikin ledarsa a rufe kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansa ta zama tururi wajen gashi. Duk awar da firiza ta yi babu wuta a lissafa ta cikin kwanakin da kayan ya yi a waje. Ƙura, zufar hannu da ragowar maganin hana kamu kowanne fim ɗin DCB ne da ba a yi niyyar sakawa ba.

In duk wannan ya daidaita, sai a zo ga ƙara juriya. Zuba roba ko tamofilastik a cikin ifoksi yana ɗaga juriyar rezin sosai, amma abin da ke isa faranti kaɗan ne, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarin a rezin masu juriya, domin silin sama da na ƙasa sun matse wurin da rezin zai miƙe a bakin tsaga. Roba kuma tana rage ƙarfin matsi a zafi da laima. Hanyar da ta fi cin nasara ita ce faɗaɗa mahaɗar kanta da ƙwayoyin tamofilastik, kamar T800H/3900-2 na Toray da aka yi jelar Boeing 777 da shi. Sama da wannan sai a ratsa kaurin da zare: ɗinki, ko ƙananan fil na kabon masu faɗin wajen milimita 0.28, ko saƙa mai ratsa kauri irin ta fukafukan fankar injin jirgin sama na LEAP. Fil da ɗinki ba sa hana tsaga farawa, suna riƙe ta ne bayan ta yi 'yan milimita, kuma suna karkatar da zaren da ke kwance, abin da ke rage ƙarfin matsi.

Kada a manta da gajiya. Saurin girman rabuwa a nauyi mai maimaituwa yana bin G a ɗage da lamba babba, sau da yawa 6 zuwa 10 a salo na ɗaya. Kuskuren kashi 10 cikin 100 a nauyi yana ɗaga G da kashi 21, in an ɗaga wannan da 10 saurin ya ninka kusan sau bakwai. A ƙarfe irin wannan kuskure kimanin kashi 33 kawai yake ƙarawa. Shi ya sa a kwamfozit aka fi ƙira a kan cewa tsagar ba za ta motsa ba sam, a riƙe G ƙasa da matakin farawa da ake aunawa da ASTM D6115.

Farantin da kuka buga kada ku jefar. Ƙwanƙwasa shi da kwabo zai nuna rabuwar da ke kusa da fuska ta sautin da ya mutu, amma ta can ciki sai altirasonik, galibi a wajen megahaz 5. Hoton eksire ba ya ganin rabuwa sai an ɗura ruwan da ke tare hasken, irin su zink ayodaid, ta wata kafa. Bayan hoton, ku yanka ta tsakiyar inda aka buga da zarto mai bakin daimon da ruwa, ku goge, ku ƙirga kumfa a mahaɗu. Sannan ku buɗe samfuran DCB ku dubi fuskokinsu: in silin sun fito tas babu rezin a jikinsu, kamun zare da rezin ne ke da rauni, a bincika ko rufin zaren ya dace da wannan ifoksi. In rezin na manne a fuska biyun, kamun lafiya yake, abin da ya rage muku ENF ne da sake jerin fallaye.